Agogon Tara ga Wata

Agogo bakwai aka musanya wa Anant Kelkar a cikin akwatinsa, a cikin ɗakinsa, ba a ɓalle ƙofa ba, ba a taɓa kwaɗo ba. Kuma ba da ido ya gane ba, don yanar ido ta riga ta rufe masa gani. Da kunne ya gane.

Kelkar tsohon mai sayar da tikitin jirgin ƙasa ne, shekararsa saba'in da huɗu, yana zaune shi kaɗai a hawa na uku na wani dogon gidan haya a unguwar Girgaon, cikin Mumbai. Matarsa ta mutu shekara goma sha huɗu da suka wuce, ba su haihu ba. Tun daga nan ya faɗa wa sayen tsofaffin agogon hannu, irin masu araha da ake wanawa da yatsa. An ce masa jari ne, wai tsohon agogo kamar zinariya yake, kwana yake yi yana ƙara kuɗi. Ya tara talatin da ɗaya, ya sa kafinta ya yi masa akwati mai gurbi talatin da ɗaya, kowane agogo da ranarsa a wata. Kullum ƙarfe bakwai na safe sai ya ƙirga gurbi da yatsa, ya ciro na ranar, ya wana shi, ya kara a kunne yana shan shayi. Ba ya saita lokaci, tunda ba gani yake yi ba. Muryar yake so, don ɗakin ba shi da wata murya.

Ranar Talata, tara ga wata, ya wana na tara, ya kara a kunne, ya ajiye kofin shayin bai ƙara taɓa shi ba. Ƙarfe goma yana tsaye gaban rumfar Shabbir Ghadiali a Bhendi Bazar, rungume da akwatin kamar mai ɗauke da gawar jariri.

Rumfar Shabbir, in ma rumfa za a kira ta, kabad ne da aka manna a bango, da fitila ɗaya da kujera biyu. Shekara talatin da takwas yana gyaran agogo a nan, har ana kiransa Ustad, wato gwanin sana'a. Aji huɗu ya yi a makaranta, ba ya iya magana mai laushi, kuma ba ya ƙoƙarin koya. Matarsa ta tafi garin Surat ganin jika shekara shida da suka wuce, har yau jikan bai gama ganuwa ba. Duk agogon da ke akwatin Kelkar ya taɓa bi ta hannunsa, kuma duk ranar Alhamis tsohon kan zo ya zauna a kujera ta biyu, ko da gyara ko babu.

"Kaka, yau Talata ce fa," in ji Shabbir. "Ko kalandar ma ta yi yana?"

"Ustad, an canza wa na tara murya."

"Murya kuma? Mawaƙi ne?"

"Nawa a hankali yake tafiya, kamar dattijo a kan matakala. Wannan gudu yake yi. Buɗe ka gani."

Shabbir ya maƙala gilashinsa a ido, ya ɓalle murfin baya. Ya matso da fitila. Injin da ke ciki sabo ne, irin na buhu-buhu da ake sayarwa a bayan kasuwa. Fuskar agogon fenti aka yi mata. Ya juya murfin. A sana'ar nan, duk wanda ya gyara agogo yakan karta alamarsa da shekarar gyara a cikin murfi, inda mai agogo ba ya gani. Tasa alamar layi biyu ne da ɗigo. Wannan murfin an goge cikinsa tas. Maɗaurin fatar kawai ne na Kelkar.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana buɗewa yana mayar da kowanne gurbinsa yadda ya same shi. Bakwai na bogi ne. Kuma ba ɗibar karan mahaukaciya aka yi ba. An bar masu ruwan zinariya masu ɗaukar ido, an zare bakwai na farin ƙarfe marasa ado, waɗanda fuskarsu ta asali ce.

"Nawa ne?" in ji Kelkar.

"Bakwai. Kuma su ne masu ɗan daraja. Sauran ashirin da huɗun, ka san abin da na sha gaya maka."

"Ka ce akuya ce mai ci ba ta haihuwa."

"Har gobe haka ne. Duk shekara uku ka kawo min in wanke in sa mai, kuɗin wankin ya fi ribar. Ni ne nake cin jarinka, Kaka, kuma ban taɓa ɓoye maka ba."

Tsohon ya lalubi kujera ya zauna. "Da su zan yi aikin ido bayan damina. Likita ya ce idon biyu duka za su buɗe."

Washegari da hantsi sai ga ƙaramin sufeto Gaikwad a bakin rumfar, mutum mai gajiya a fuska da laima a hammata. Nilesh, ɗan ƙanen Kelkar, ya kai akwatin caji ofis, ya kuma rubuta sunan wanda yake zargi.

"Ustad, ba na son dogon zance," in ji Gaikwad. "Wa ya san na kirki a cikin akwatin? Kai. Wa ke da injin bogi a unguwarsa? Kai. Wa ake kawo wa agogon ya kwana a hannunsa? Kai. Mai agogon kuma ba ya gani."

"Saheb, in ban da jiya, rabon da agogonsa ya shigo rumfata wata huɗu. Duk wata yana jin muryarsu. Da ni na musanya, da tuni ya ji."

"In je gaban alƙali in ce shaidata kunnen tsoho? Dariya za a yi min." Ya share gumi. "Ina da fayil arba'in a kan tebur. Ranar Litinin zan rubuta sunanka, mu zo mu kwashe kabad ɗin nan. In kana da abin faɗa, ka kawo kafin nan."

Masu rumfunan gefe duk sun sunkuyar da kai kamar masu aiki, amma kunnensu na nan. Shabbir ya san kasuwar. Mai gyaran agogo ba shi da komai sai yarda. Mutum zai miƙa maka agogon ubansa ya juya baya ya tafi. Ranar da aka ce kana zare inji, ko kotu ta wanke ka, ba mai sake miƙo maka ko agogon roba. Kafin azahar ma mutum biyu sun zo sun karɓi nasu ba a gyara ba.

Ya rufe kabad, ya zuba matattun agogo shida a aljihu, ya kama hanyar Girgaon. Bai taɓa hawa ɗakin Kelkar ba sai ran nan. Gado ɗaya ne, da kujerar kwance, da wata kujerar katako kusa da taga, da hoton matar an rataya masa busassun furanni.

"Ba ni na kai sunanka ba, Ustad," in ji tsohon tun kafin ya zauna. "Yaron nan ne."

"Na sani. Kaka, na biyar yana cikin na bogin. Ranar biyar ga wata ka wana shi?"

"Juma'ar da ta wuce. Na wana."

"Muryarsa ce?"

"Tasa ce. Yana da ɗan ɗingishi, duk bugu na takwas sai ya ja ƙafa. Na ji shi."

"To an gama rabin aiki. Tsakanin Juma'a da Talata aka yi abin. Wa ya shigo ɗakin nan?"

Mutum uku ne. Indu-bai mai yi masa girki da shara, ita kullum. Nilesh ya zo ranar Asabar. Sai Siril Lobo, abokinsa, wanda ke zuwa duk Lahadi da yamma da biskit a leda ya karanta masa jarida.

"Shi Siril ka cire shi," in ji Kelkar. "Shekara goma sha uku bai taɓa fashin Lahadi ba. Shi ya koya min harkar ma."

Shabbir ya fito daga ɗakin. Ya sami Indu-bai a bakin famfon bene tana wanke tukunya, mace mai shekara hamsin da baki kamar reza.

"Kai ne mai gyaran? To ni ma an tambaye ni. Ka ga hannun nan? Shekara tara yana shiga tukunyar Kaka. Da sata zan yi, da tukunyar gas zan ɗauka, ita ce ake sayarwa."

"Riƙe min wannan, Bai." Ya miƙa mata agogo ɗaya daga aljihunsa. "Me kika gani?"

Ta goge hannu, ta kama shi da bakin mayafinta, ta kara a kunne, ta mayar masa. "Ya mutu. Jefar."

"Kin taɓa buɗe akwatin?"

"Ko ƙurarsa ba ya bari in goge. Mutum ya zauna yana hira da ƙarfe! Na ce masa ya sayi aku, shi aƙalla zai amsa."

"Ranar Lahadi kina nan?"

"Ina ajiye shinkafa da dal, miyar waken nan, ƙarfe ɗaya in tafi. Lobo Saheb ya zo ƙarfe uku ya karanta jarida, Kaka ya yi barci a shafi na biyu. Duk benen nan an sani, minsharinsa har famfo."

Shabbir ya cire ta a ransa. Wanda zai musanya agogo sai ya san inda ake haɗa na bogi mai kama da shi, ya kuma iya cire maɗauri ba tare da ya karce ƙarfe ba. Hannunta na tukunya ne.

Ranar Alhamis kujera ta biyu ta wuni ba kowa. Da la'asar Shabbir ya je shagon Nilesh, inda yake sayar da rigunan waya da caja.

"Ka zo ka ba da haƙuri ne, Ustad?" in ji Nilesh, bai ko ɗago daga wayarsa ba.

"Na zo in tambaye ka me ya kai ka wurin baffanka ranar Asabar."

"In ce masa ya sayar da tarkacen nan ya koma gidan tsofaffi, ya bar min ɗakin. Ban ɓoye ba. Minti goma na yi, ko zama ban yi ba."

Shabbir ya jera agogo shidan a kan gilashin shagon. "Wanne ya fi tsada?"

Nilesh ya nuna mai ruwan zinariya ba tare da tunani ba. Shi ne wanda ko kyauta ba mai karɓa.

"Tayar da shi in gani."

Ya girgiza shi, ya buga a tafin hannu, ya juya bayansa. "Ina ake sa batir?"

"A hancinka," in ji Shabbir, ya kwashe kayansa. Yaron yana son ɗaki, ba ya son agogo. Da shi ne, akwatin gaba ɗaya zai sunkuta.

Daga nan ya wuce caji ofis ya roƙi Gaikwad ya bar shi ya sake duba akwatin. Ranar Talata cikin agogon ya yi ta kallo, kamar yadda mai gyara ya saba. Yau sai ya tsaya a kan fuskokinsu. Agogon da aka wana aka bar shi, inda ƙarfinsa ya ƙare nan yake tsayawa, wannan ƙarfe uku, wancan bakwai da rabi, kowa da inda ajalinsa ya same shi. Amma guda goma a cikin akwatin suna tsaye wuri ɗaya, ƙarfe goma da minti goma. Shida na bogi ne. Huɗu kuwa na gaske ne, da alamarsa a cikinsu. Sai ya tuna na tara. Tsohon ya wana shi ƙarfe bakwai, ya kawo shi ƙarfe goma, kuma da ya ɗauke shi ran nan ƙarfe ɗaya da minti goma yake nunawa. Awa uku ya yi tafiya. Shi ma daga goma da minti goma ya tashi.

"Saheb, kada kowa ya taɓa hannayen nan. Ka ɗauki hotonsu yanzu, ina tsaye."

"Me ka gani?"

"Ranar Lahadi ƙarfe uku ka zo ɗakin Kaka da akwatin. In ban nuna maka ba, ka tafi da ni daga can, ba sai Litinin ba."

Ranar Juma'a ya tarar da Siril Lobo a kasuwar tsofaffin kaya, inda yake zuwa duk mako. Siriri ne, shekara sittin da 'yan kai, rigarsa a goge amma wuyanta ya cinye. Yana zaune shi kaɗai a ɗakin haya a unguwar Mazgaon. Suka shiga shagon shayi, Lobo ya sa aka kawo burodi da man shanu.

"Abin ya taɓa ni, Ustad," in ji Lobo. "Anant-rao ya kira ni yana kuka. Ni dai na ce masa kada a yi saurin zargi. Ko da yake, ka san yadda sana'arku ta lalace yanzu."

"Ta lalace. Kai ka sa shi a harkar, ko?"

"Na ba shi abin yi. Matarsa ta mutu, yana zaune yana kallon bango. Kuma shawara ce mai kyau. Turawa yanzu hauka suke yi a kan irin waɗannan. Ka sa hoto a waya, kafin kwana biyu an saya."

"Turawa na sayen ɗaya cikin goma. Sauran taran fa?"

"Haƙuri ake yi, Ustad. Jari sai da haƙuri."

"Shekara goma sha huɗu yana haƙurin. Kai da can ina ka yi aiki ma?"

Lobo ya gyara zama. "Babban shagon agogo a unguwar Fort. Shekara ashirin da shida a bayan gilashi. Ni nake shirya tagar shagon kowace safiya, agogo ɗari da wani abu. Da suka rufe, agogon bango suka ba ni da takardar yabo. Takarda kuma ba a dafa ta."

Shabbir ya shanye shayinsa. "Lobo Saheb, na gaji da maganar 'yan sanda. Ina da agogo shida nawa, ina so in ba Kaka a madadin nasa a kashe wutar nan. Ranar Lahadi ka yi musu kuɗi a gaban sufeto. Kai za su yarda da bakinka."

Lobo ya dafa hannunsa. "Ka yi tunanin manya. Kowa yana kuskure."

Asabar Shabbir bai buɗe kabad ba. Ya zauna a ɗakinsa da rana tsaka ya ci abinci a faranti ɗaya, ruwan sama na dukan kwano. Ya san abin da zai faru gobe. Ya san ma'anar mutum ɗaya da ke hawo maka bene sau ɗaya a mako, don shi ma Alhamis ɗaya gare shi. In ya yi shiru, kabad ɗinsa ya tafi, da sunan da ya yi shekara talatin da takwas yana karta wa a cikin murfi. In ya yi magana, tsoho ya rasa Lahadinsa. Ya juya abin sau biyu. Bai ɗauki wani dogon lokaci ba, don Shabbir ba waliyyi ba ne kuma bai taɓa cewa shi ne ba. Ya wanke farantinsa.

Ranar Lahadi ɗakin ya cika kamar yadda bai taɓa cika ba. Kelkar a kujerar kwance, Gaikwad a bakin gado da akwatin a rufe a cinyarsa, Nilesh a tsaye jikin ƙofa. Lobo ya zo ƙarfe uku daidai da ledar biskit da jarida, ya zauna a kujerarsa ta bakin taga. Indu-bai ta ƙi tafiya, wai tana goge murhu.

Shabbir ya jera agogo shidan a faranti ya miƙa wa Lobo. Duk matattu ne, kowanne da inda ya tsaya.

Lobo ya sa tabarau. Ya ɗauki na farko yana bayani, wannan na Japan ne, fuskarsa ta ɗan ƙone, ba zai wuce rupi dubu biyu ba. Bakinsa na magana, babban yatsansa ya ja maɓallin gefe, ya murza, ya tura, ya ajiye. Ya ɗauki na biyu. Wannan na gida ne, Turawa na son irinsa. Ya ja, ya murza, ya ajiye. Haka har shida.

"Duka-duka dubu goma sha ɗaya," in ji shi. "Bai kai rabin abin da aka ɗauke ba, amma in Anant-rao ya yafe..."

"Saheb," in ji Shabbir, "ƙarfe nawa a farantin nan?"

Gaikwad ya leƙa. "Goma da minti goma." Ya sake dubawa. "Dukkansu."

"Buɗe akwatin."

Ya buɗe. Ya dubi akwatin, ya dubi farantin, sannan ya dubi Lobo. Lobo ya kalli yatsansa kamar ba nasa ba.

"Ni mai gyara ne," in ji Shabbir. "Agogo in ya bar hannuna yana tafiya, kuma lokacin gaskiya yake nunawa, in ba haka ba ban gama aiki ba. Mai sayarwa kuwa ba ruwansa da lokaci. Yana buɗe hannayen agogo ya tsayar da su a goma da minti goma, don kada su rufe sunan kamfani, fuskar ta fito sosai a taga ko a hoto. Mutumin da ya yi haka sau ɗari kowace safiya har shekara ashirin da shida, ko a mafarki ka miƙa masa agogo sai ya murza. Na ba Indu-bai, ta ce in jefar. Na ba wannan, ya nemi ramin batir."

"Na bogin daga dila suka fito," in ji Lobo, muryarsa ta sirance. "Kowane dila haka yake ajiye kaya. Ba hujja ba ce."

"Gaskiyarka. Da na bogin ne kaɗai, da ban ce komai ba. To huɗun nan fa? Na Kaka ne na asali, alamata na ciki, ba su taɓa barin ɗakin nan ba tun wata huɗu. Kaka ba ya saita lokaci. Wa ya zauna a ɗakin nan ya tsayar da su a goma da minti goma? Wanda ya ɗauki hotonsu ne, don a haɗa masa irinsu. Su ne na zagaye na biyu. Kaka yana barci a shafi na biyu, kai kuma awa biyu kake yi. Cire maɗauri bakwai a hannu irin naka, minti ashirin ne."

"Ba ni wayarka, Lobo Saheb," in ji Gaikwad.

Bai yi gardama ba. Hotunan suna ciki, agogo huɗu a jere a kan jaridar Lahadi, bakwai ga wata, ga gefen zanen gadon Kelkar ya fito a ƙasa. Can baya kuma ga hotunan bakwai ɗin, an ɗauka wata biyu da suka wuce, da cinikin da aka yi da wani mai saye a ƙasar waje.

"Ka san idonsa ya tafi," in ji Shabbir. "Kunnen ne ba ka lissafa ba. Da yamma kake zuwa, ba ka taɓa ganin safiyarsa ba."

Sai a lokacin Kelkar ya yi magana, fuskarsa na fuskantar taga. "Siril?"

"Anant-rao, ba ka ganinsu," in ji Lobo a hankali. "Na ce a raina, in dai akwai abu a gurbin yana bugawa, me ka rasa? Ni kuma wata uku ke nan shayi da burodi nake kwana da su."

"Da ka tambaye ni, da na ba ka."

"Da na tambaye ka, da sai in gaya maka gaskiya. Bakwai ɗin nan ne kawai masu daraja. Sauran da na sa ka saya, ba za su taɓa zama komai ba."

Nilesh ya fara ɗaga murya, Gaikwad ya ce masa ya rufe baki. Lobo ya tashi, ya ninke jaridar, ya ajiye ledar biskit a kan kujera. Da za su fita Kelkar ya ce, "Saheb, in na janye ƙarar fa?"

"Ba kai ka shigar ba, Kaka. Kuma an riga an aika biyu waje. Ta wuce hannuna."

A ɗakin Lobo aka samu biyar cikin gwangwanin madara, kowanne da layi biyu da ɗigo a cikin murfi. Biyun ba su dawo ba. Lobo ya samu ɗaurin wata takwas, kafin ya fito an ba wani ɗakinsa, aka ce ya koma wurin wata 'yar uwarsa a ƙauye. Ba wanda ya ƙara ganinsa a kasuwar Juma'a.

Sunan Shabbir ya fita fes. Mutum biyun da suka karɓe agogonsu sun dawo da su, suna cewa dama su ba su yarda ba. Ya karɓa ya gyara musu. Ranar wata Lahadi ya sayi jarida ya hau benen Girgaon, ko da yake shi karatunsa sai ya bi da yatsa. Kelkar ya buɗe ƙofa rabi.

"Na gode, Ustad. Ka yi abin da ya kamata." Ya riƙe ƙofar. "Amma da ka bar ni da na bogin. Suna bugawa ai."

Ya rufe ƙofar a hankali. Tun daga ranar bai ƙara zuwa Bhendi Bazar ba. Shabbir ya ɗora akwatin kayan aiki a kan kujera ta biyu, don ya daina kallonta ranar Alhamis.

Bayan damina, da kotu ta sako kayan, Kelkar ya sayar da akwatin gaba ɗaya ga wani dila. Shekara goma sha huɗu na saye da wanki da mai, abin da aka ba shi bai kai rabin abin da ya zuba ba. Ido ɗaya kuɗin ya isa. Indu-bai ce ta kai shi asibiti ta dawo da shi, ita ce kuma ta ba da labarin a bakin famfo. Ta ce ranar da aka cire bandejin Lahadi ce. Ya zauna a kujerar kwance, ɗakin shiru ba abin da ke bugawa, ya buɗe idon nan ɗaya da ya saya da agogo ashirin da tara. Ya ga komai garau. Ya ga kujerar katako a bakin taga, ya ga inda bayan mutum ya goge fentinta. Ƙarfe uku ta yi, ta wuce, yana kallonta.